Wane ne Richard Southern, kuma har ina za a dogara da littafinsa kan Turawa da Musulunci?

Tambaya: Ni ɗalibin tarihi ne. An ba mu ƙaramin littafin R. W. Southern kan yadda Turawan zamanin da suke kallon Musulunci. Wane ne mutumin nan, ta wace hanya ya zama babban malami a Oxford, kuma zan iya kafa hujja da shi?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, amma ka fara sanin inda ƙarfinsa yake. Southern masanin rubuce-rubucen Latin ne na ƙarni na 11 zuwa na 13, kuma mafi yawan rayuwarsa ya ƙare ta ne a kan mutane ƙalilan da takardun da suka bari. Duk inda ya riƙe takarda a hannu yana magana, da wuya ka kama shi da sakaci. Inda kuma ya ɗaga kai ya dunƙule ƙarni uku a jimla ɗaya, nan ne za ka bi shi da lura. Littafin da aka ba ku yana da duka biyun.

An haifi Richard William Southern ranar 8 ga Fabrairu 1912 a Newcastle, arewacin Ingila, mahaifinsa ɗan kasuwar katako ne. Ya yi sakandare a Royal Grammar School ta garin, ya wuce kwalejin Balliol a Oxford, ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya a 1932. Malamai biyu ne suka fi yi masa tasiri: V. H. Galbraith, gwanin tsofaffin takardun gwamnati, da F. M. Powicke, wanda ya fi damuwa da halin mutane da tunaninsu. Idan ka karanta Southern da kyau za ka ga hannun kowannensu.

A zamaninsa digirin dakta ba sharaɗi ba ne na samun aiki a Oxford. Abin da ke buɗe ƙofa shi ne sakamako mai kyau, da maƙala guda da manya za su karanta su gyaɗa kai. Tasa maƙalar a kan Ranulf Flambard ce, jami'in Sarki William na Biyu na Ingila da ya yi ƙaurin suna wajen tatsar kuɗi. Ta ci lambar Alexander ta Ƙungiyar Masana Tarihi ta Masarauta a 1933, yana ɗan shekara 21. Daga nan kwalejin Exeter ta ba shi gurbin ƙaramin mai bincike daga 1933 zuwa 1937, wato albashi da ɗaki da abinci ba tare da nauyin koyarwa mai yawa ba. Cikin wannan lokaci ya je Paris ya yi karatu a gaban Ferdinand Lot, ya kuma je Munich. A 1937 Balliol ta dawo da shi a matsayin malami, ya zauna a nan har 1961.

Aikin malamin kwaleji a Oxford ya sha bamban da lacca a babban ɗaki. Shekara zango uku ce, kowane zango mako takwas. Ɗalibi ɗaya ko biyu ne ke zuwa ɗakin malami sau ɗaya a mako, ya karanta maƙalar da ya rubuta, malam ya yi ta tsinka ta na tsawon awa guda. Wanda ke da ɗalibai goma sha biyar, makonsa ya tafi ke nan. Shi ya sa malaman wannan tsari sukan daɗe ba su fitar da littafi ba. Ga kuma yaƙi: daga 1940 Southern yana soja, ya bi ta rundunar ƙasa da ta tankoki, sannan daga 1943 zuwa 1945 ya yi aiki a sashen leƙen asirin siyasa na Ma'aikatar Harkokin Waje.

Littafinsa na farko rashin lafiya ce ta ba shi sararin rubuta shi. Tarin fuka ya kwantar da shi wajen 1949, aka ɗauke masa koyarwa, ya zauna ya rubuta The Making of the Middle Ages, wanda ya fito a 1953 yana da shekara 41. Ya ɗauki tsakanin 972 da 1204. A 972 ne wani malami mai suna Gerbert, wanda daga baya ya zama Fafaroma, ya koma garin Reims na Faransa don karatun manɗiƙi, a 1204 kuma mayaƙan Salibiyya suka afka wa Kustantiniyya (Istanbul ta yau). Kafin wannan littafi, tarihin da ake koyarwa a Oxford ya fi karkata ga dokoki da majalisu da yarjejeniyoyin sarakuna, bisa tsarin da William Stubbs ya shimfiɗa tun shekarun 1870. Southern ya kawo wasu tambayoyi daban: yaya mutane suke addu'a, yaya suke kallon wahalar Annabi Isa, me ya sa labaransu suka tashi daga jarumtar taron mayaƙa suka koma tafiyar mutum ɗaya mai neman wani abu. Babi biyar ne kawai, kuma salon nasa shi ne ya ɗauki gida ɗaya, kamar gidan sarautar Anjou a Faransa, ya nuna maka babban sauyi ta cikinsa. An fassara littafin zuwa harsuna fiye da ashirin.

Amma in kana son ka ga ainihin sana'arsa, to aikinsa kan Anselm za ka duba. An haifi Anselm a Aosta a 1033, ya shiga gidan 'yan zuhudu na Bec a Normandy, ya zama mataimakin shugaba a 1063, shugaba a 1078, babban limamin Canterbury a 1093, ya rasu a 1109. Almajirinsa Eadmer ya rubuta tarihinsa. Southern ya fitar da tataccen nassin Eadmer da fassara a 1962, ya bi shi da Saint Anselm and His Biographer a 1963.

Ga yadda irin wannan aiki yake tafiya. Da farko sai ka tattara duk kofen littafin da suka rage a ɗakunan karatu. Na Eadmer an yi sa'a, domin akwai kundin da ya rubuta da hannunsa, yana kwalejin Corpus Christi a Cambridge, lamba 371, kuma ana iya ganin inda ya kankare da inda ya ƙara cikin shekaru. Na biyu, sai ka kimanta shekarun kowane kofi daga salon rubutun hannu, domin yadda ake zana haruffa yana sauyawa daga tsara zuwa tsara, daga gida zuwa gida. Na uku, sai ka duba jikin littafin kansa. A fatar dabba ake rubutu, ana ninka fata huɗu a tsakiya a sami warƙa takwas, a ɗinke. Idan ka ƙirga ka ga wani ninki yana da warƙa bakwai, to an yanke ɗaya, sai ka tambayi dalili. Na huɗu, sai ka jera kofen kalma da kalma kana rubuta duk inda suka saɓa.

A nan ne ɓarna take fitowa, kuma iri-irinta sanannu ne. Mai kwafi yakan kai wata kalma, ya ɗaga ido ya tsoma alƙalami, ya dawo ya sauka a kan irin wannan kalmar layi biyu a ƙasa, abin da ke tsakani ya ɓace. Haruffan i da n da m da u duk da gajerun sanduna ake yin su, in suka haɗu a kalma ɗaya sai su zama jerin sanduna da za a iya karantawa ta hanya biyu ko uku. Marubutan Latin suna taƙaita kalmomi da 'yan alamomi a sama, wanda bai saba da alamar wani gida ba sai ya warware ta ba daidai ba. Wani lokaci kuma mai karatu ya yi sharhi a gefe, mai kwafi na gaba ya ɗauka nassi ne da aka manta, ya shigar da shi ciki. Duk wanda ya taɓa gwada kofe biyu na littafi ɗaya cikin rubuce-rubucen Larabci da ajami na ƙasarmu ya san waɗannan cututtuka. Amfaninsu shi ne, in kofe biyu suka yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, to daga uwa ɗaya suka fito. Da kurakuran ake gane dangantaka, daidaitattun wurare ba sa nuna komai.

Sai matsalar kwanan wata. Wasiƙun Anselm da suka rage sun kai 475 a bugun F. S. Schmitt, kuma ba a saka musu kwanan wata. Dabarar farko ita ce duba muƙamin da ya kira kansa da shi a gaisuwa: in shugaban Bec ne, tsakanin 1078 da 1093 ke nan, in babban limami ne, bayan 1093. Sannan a duba wanda aka aika wa da lokacin da shi ma ya riƙe nasa muƙamin, a matse tazarar. Ko takardar da ke da shekara ma tana iya yaudara, domin a zamanin Anselm galibi daga Kirsimeti ake fara ƙirga sabuwar shekara, daga ƙarshen ƙarni na 12 kuma Ingila ta koma farawa daga 25 ga Maris har zuwa 1752. Takardar da ta ce Fabrairu 1250, a lissafinmu 1251 ce.

Akwai wani abu a tarihin Eadmer da ke nuna yadda Southern yake karatu. Eadmer da kansa ya faɗa cewa yakan fara rubutu a allon da aka shafe da kakin zuma, sannan ya mayar kan fata. Wata rana Anselm ya tambaye shi abin da yake rubutawa, ya karɓa ya karanta, har ya yi masa gyara. Bayan 'yan kwanaki sai ya kira shi ya ce ya lalata warƙoƙin, don bai ga ya cancanci a rubuta tarihinsa ba. Eadmer ba ya son saɓa wa malaminsa, ba ya kuma son aikinsa ya tafi. Sai ya kwafe komai a sabbin warƙoƙi, ya lalata na asalin kamar yadda aka umarce shi. Mutane da yawa sun karanta wannan a matsayin labari mai ban dariya. Southern ya tambaya: yaushe abin ya faru, kuma me ya biyo baya? Ya sanya shi wajen 1100, ya nuna cewa daga nan littafin ya rame, hirarrakin sirri da maganganun Anselm na yau da kullum suka ragu ƙwarai. Ma'ana, shaidar Eadmer kan shekarun farko ta fi ta shekaru tara na ƙarshe nauyi, kuma mai bincike ya auna su daban.

Haka ya yi da takardun jabu na Canterbury. Wasu wasiƙu ne kusan goma da aka jingina wa Fafaromomin da, suna cewa kujerar babban limamin Canterbury ta fi ta York matsayi. An daɗe da sanin an yi musu cushe, kuma Bajamushe Heinrich Boehmer a 1902 ya ɗora laifin a kan Lanfranc, wanda ya riga Anselm a kujerar. A maƙalarsa ta 1958 Southern ya ce a duba lokacin da aka fara kafa hujja da kalmomin cushen. Ya nuna cewa a gardamar 1072 ba a ga Lanfranc ya yi amfani da su ba, alhali da suna hannunsa da sun raba gardama. Sai a farkon shekarun 1120 suka bayyana, lokacin da Canterbury ta ga shari'a tana kuɓuce mata. Da aka kai su Roma a 1123, wani marubucin York ya ruwaito cewa an tambayi wakilan Canterbury ina hatimin dalma da ke rataye a wasiƙar Fafaroma, suka ce ya ɓace ko ya lalace, mutanen fada suka yi dariya suna mamakin yadda fata ta rayu dalma ta mutu.

A 1960 aka zaɓe shi cikin Kwalejin Masana ta Birtaniya. A 1961 ya hau kujerar farfesan tarihi ta Chichele a Oxford, wadda ke haɗe da kwalejin All Souls, ya riƙe ta har 1969. Daga 1969 zuwa 1981 shi ne shugaban kwalejin St John's, kuma a zamaninsa ne, a 1979, kwalejin ta fara ɗaukar ɗalibai mata. Ya shugabanci Ƙungiyar Masana Tarihi ta Masarauta, Sarauniya ta ba shi lambar Sir a 1974, ya sami kyautar Balzan a 1987.

Yanzu ga littafinku. Western Views of Islam in the Middle Ages lacca uku ce da ya gabatar a jami'ar Harvard a 1961, aka buga a 1962, bai kai shafi 120 ba. An fassara shi zuwa Larabci, kuma Edward Said ya yi amfani da shi a littafinsa na 1978 kan yadda Turawa suke nazarin Gabas. Southern ya kasa zamanin gida uku.

Kashi na farko ya kira shi zamanin jahilci, ya ce jahilcin iri biyu ne. Akwai na wanda ke kulle a ɗaki: malaman arewacin Turai irin su Bede ba su da labarin Musulmi sai abin da suka tsinta a Baibul game da zuriyar Hajara da Isma'ila. Southern ya ce kafin shekarar 1100 sau ɗaya tak ya ga an ambaci sunan Annabi (SAW) a rubuce-rubucen Turai in aka cire Sifaniya da kudancin Italiya. Sai kuma jahilcin wanda ya ci nasara ya saki tunaninsa: bayan yaƙin Salibiyya na farko mawaƙa suka cika Turai da ƙagaggun labarai, har da cewa Musulmi gumaka suke bauta wa.

Kashi na biyu shi ne ƙarnin hankali da fata. William na Malmesbury, wajen 1120, ya rubuta cewa Musulmi Allah ɗaya suke bauta wa. Peter, shugaban gidan zuhudu na Cluny, ya biya Robert na Ketton ya fassara Alƙur'ani zuwa Latin, aka gama a 1143, da niyyar a yi raddi. Littattafan Ibn Sina da Ibn Rushd suka shiga makarantun Paris. A 1254 William na Rubruck ya yi muƙabala da Musulmi da 'yan addinin Buda a fadar Mongol da ke Karakorum. Fatan da ake yi shi ne hujja za ta jawo Musulmi da Mongol zuwa Kiristanci. Akka, babban birni na ƙarshe da ya rage wa mayaƙan Salibiyya, ta faɗi a 1291, Mongol na Farisa suka musulunta, fata ta mutu. Taron coci na Vienne a 1312 ya yanke a kafa kujerun koyar da Larabci a manyan jami'o'i, ciki har da Paris da Oxford, amma babu malaman babu kuɗin.

Kashi na uku ya fi mayar da hankali ga shekarun da suka biyo bayan faɗuwar Kustantiniyya a 1453. John na Segovia ya ɗauko wani malamin fiƙihu Musulmi daga Sifaniya suka yi sabuwar fassarar Alƙur'ani, yana ganin taron tattaunawa ya fi yaƙi. Nicholas na Cusa ya rubuta nasa nazarin, Fafaroma Pius na Biyu kuma ya rubuta wa Sarki Muhammadu na Biyu na daular Usmaniyya wasiƙa yana kiransa zuwa Kiristanci.

Iyakokin littafin guda uku ne, ka riƙe su. Na ɗaya, madogararsa rubuce-rubucen Latin ne, saboda haka hujja ne kan abin da Turawa suka zata, kada ka ɗauko shi don bayanin aƙidar Musulunci ko tarihin daulolin Musulmi. Na biyu, manyan malamai ƙalilan ya bi. Ɗan kasuwar Genoa da ke ciniki a Iskandariyya, ko Kiristan da ke zaune da maƙwabta Musulmi a Toledo, ba su cika fitowa ba, alhali saninsu ya fi na malamin da ke Paris. Na uku, rabon nan gida uku ya yi tsaf fiye da yadda abin ya kasance, domin ƙagaggun labaran ba su mutu ba a ƙarnin da ya kira na hankali. Bincike kuma ya ci gaba. Thomas Burman a 2007 ya nuna cewa Robert na Ketton, wanda aka daɗe ana zargi da sakin fassara, a wurare da yawa tafsiran Musulmi yake bi yana shigar da bayaninsu cikin jimla. Don haka ka haɗa Southern da littafin Norman Daniel na 1960, wanda ya fi shi yawan nassoshi, da na John Tolan na 2002.

Ka kuma san cewa ko a fagensa an ja da shi. A 1970 ya ce shahararriyar makarantar cocin Chartres da ke Faransa, ta ƙarni na 12, an kumbura ta. Hujjarsa ita ce, riƙe muƙami a cocin Chartres ba ya nufin a can mutum yake koyarwa, kuma malamai irin su Thierry da Gilbert a Paris aka fi samun shaidar karatunsu. Peter Dronke da Nikolaus Häring sun mayar masa da martani mai zafi. A 1986 ya fitar da littafi kan Robert Grosseteste, limamin Lincoln daga 1235 zuwa 1253, ya ce a makarantun lardin Ingila ya taso, ba a Paris ba kamar yadda aka saba faɗa. Takardun shekarun tsakiyar rayuwar Grosseteste sun yi ƙaranci, shi ya sa har yau ba a rufe wannan magana ba. Masaniyar tarihi Sally Vaughn kuma ta ce Anselm ɗan siyasa ne da ya san abin da yake yi, har ya sa ido a kan yadda aka tace tarin wasiƙunsa. Southern ya tsaya a kan cewa kundin wasiƙun da ake magana a kai, lamba 59 a ɗakin karatu na fadar Lambeth, a shekarun 1120 aka haɗa shi, bayan rasuwar Anselm. A ganina ya fi ta hujja kan kundin, amma ƙaunar da yake yi wa Anselm ta sa yakan yi masa uzuri da wuri. Ya sake rubuta tarihin Anselm gaba ɗaya a 1990, shekara 27 bayan na farko, ya sauya ra'ayi a wasu wurare.

Aikinsa na ƙarshe, kan yadda makarantun Paris da Bologna suka haɗa kan Turai da tsarin tunani ɗaya, ya tsara shi juzu'i uku. Na farko ya fito a 1995, na biyu a 2001 da taimakon Lesley Smith da Benedicta Ward, na uku bai samu ba. Ya rasu a Oxford ranar 6 ga Fabrairu 2001, saura kwana biyu ya cika 89.

In kana tunanin bin wannan fage a Birtaniya yau, hanyar ta sauya. Digirin farko galibi shekara uku ne, sai na biyu shekara ɗaya inda ake koyon Latin da karatun tsohon rubutun hannu, sai na dakta shekara uku zuwa huɗu da kundin da a Oxford ba ya wuce kalma 100,000, sannan a shiga takarar gurbin bincike na 'yan shekaru. Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne harshe: wanda ya fara Latin a shekarar digiri na biyu yakan kai rabin na dakta yana dogara da fassarar wasu, ga Faransanci da Jamusanci da ake bukata don karanta binciken zamani. Wanda ya zo da Larabci mai ƙarfi yana da abin da yawancin masana Latin ba su da shi, musamman a kan Andalus, Sisili da fassarorin Toledo.

Wajen rubuta maƙalarka, ka ambaci shekarar 1962 a jikin jimlar duk lokacin da ka kawo ra'ayinsa, don mai dubawa ya san ka san shekarun littafin. In ka ɗauko maganar wani marubucin Latin ta hannunsa, ka rubuta cewa ta hannunsa ka samo.